Haidurojin daga rana da ruwa: Ina rabon Zongon Wagadugu?

Duk wanda ya fita daga Wagadugu ta hanyar Bobo-Dioulasso, kafin ya yi nisa zai wuce Zagtouli, inda aka shimfiɗa farantan sola 129,600 a fili mai faɗin hekta 60. Ranar 29 ga Nuwamban 2017 ce shugaban Burkina Faso na lokacin, Roch Marc Christian Kaboré, da shugaban Faransa Emmanuel Macron suka buɗe tashar mai ƙarfin megawat 33, da kuɗin Tarayyar Turai da na hukumar raya ƙasashe ta Faransa. A wannan ɓangare na yammacin birnin ne kuma unguwar Zongo take, ɗaya daga cikin unguwannin da mutanen can ke kira "non-loti", wato waɗanda suka taso ba tare da hukuma ta yanka filayensu ba, irin abin da a Kano ake cewa awon igiya. Rana ɗaya ce ke dukan farantan Zagtouli da rufin kwanon Zongo. Amma da zafi ya shigo a watan Maris zuwa Mayu, sai kamfanin lantarki na SONABEL ya shiga rabon wuta, layin jarkoki ya yi tsawo a bakin famfo, matan gida kuma su koma lissafin gawayi da itace in tukunyar gas ta ƙare.

Irin waɗannan unguwanni ake ambata duk lokacin da aka tashi tallata sabon makamashin da ake kira haidurojin mai tsafta. Maganar tana da daɗin ji: ga rana a wadace, ga ruwa, ga yashi, a haɗa su a samu iskar da za ta dafa abinci, ta tuƙa mota, ta kunna injin, ba hayaƙi. Daga cikin hanyoyin da masana ke bi akwai wadda ta fi kowacce jan hankali, wato a niƙa silikon, sinadarin da ake samu daga yashi, ya zama gari mai laushin da ido ba ya gani, a zuba shi cikin ruwa a ajiye a rana, shi kuma ya raba ruwan ya fitar da haidurojin, ba waya ba batir. To shin wannan magana ta kusa isowa Zongo? In kuma ba ta kusa ba, me ya kamata hukumomin Sahel su yi kafin ta iso?

Aikin dillali a cikin ruwa

Ruwan da muke sha haɗin iska biyu ne, haidurojin da oksijin, kuma sun riƙe juna tamau. Sai an sa ƙarfi suke rabuwa. In aka raba su aka tara haidurojin, ranar da aka ƙona shi zai mayar da ƙarfin nan, abin da zai bari a baya kuma ruwa ne kawai. Kilo ɗaya na haidurojin yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin kilowat-awa 33, kusan daidai da lita huɗu ta fetur.

Hanyar da aka sani tun fiye da shekara 200 ita ce a tura lantarki cikin ruwa ya raba shi. Sabuwar hanyar tana so ne a tsallake lantarkin, hasken rana ya yi aikin kai tsaye. Sai dai haske shi kaɗai ba ya iyawa, in ba haka ba da tafkunan Sahel sun daɗe da ƙarewa. Dole sai an sa wani abu a tsakani. Bahaushen zango ya san wannan aiki sarai, domin aikin dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma yana nan yadda yake yana jiran na gaba. Sinadarin da ake nema ke nan, wanda zai karɓi haske, ya miƙa ƙarfinsa ga ruwa, ruwan ya rabu, shi kuma bai ragu ba.

Masana biyu 'yan Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, su suka buɗe wannan ƙofa a 1972, lokacin da suka wallafa a mujallar Nature cewa farin sinadarin nan na titaniyom da ake sakawa a fenti yana iya raba ruwa in haske ya doke shi. Matsalarsa ita ce zaɓen abinci. Ba ya karɓar komai sai wani ɓangare na hasken da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da rana ke aikowa ba. Sauran duk ya wuce a banza. Shekara 50 ke nan da 'yan kai ana neman dillalin da ya fi shi.

Me ya sa aka koma kan silikon?

Dalilai uku ne, kuma duk masu ƙarfi. Na farko, yawa: bayan oksijin babu sinadarin da ya kai silikon yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 28 cikin 100. Na biyu, ba guba ba ne. Na uku, yana shan mafi yawan hasken da ido ke gani, shi ya sa da shi ake yin farantan sola irin na Zagtouli.

Amma akwai cikas. Raba ruwa na buƙatar turi na aƙalla bolt 1.23, a aikace ma fiye da haka. Dunƙulen silikon kuwa abin da yake iya bayarwa daga haske bai wuce kimanin 1.1 ba. Kamar mutum ne da zai tsallake rami, ƙafarsa ta gaza da taƙi ɗaya. A nan ne niƙawar ta shigo. In aka mayar da silikon ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, ƙasa da nanomita biyar, halinsa yana sauyawa, turin nasa ya ƙaru. Nanomita ɗaya shi ne a raba milimita gida miliyan a ɗauki ɗaya. Kaurin gashin kan mutum ya kai nanomita dubu 80 ko makamancin haka. Wani masani ɗan Birtaniya, Leigh Canham, ya nuna alamar wannan sauyi a 1990, lokacin da ya gano cewa silikon da aka huhhuda kamar soso yana fitar da haske, abin da dunƙulensa ba ya yi. Ƙari a kan haka, gari ya fi dunƙule yawan fuskar da za ta taɓa ruwa, kamar yadda garin sikari ya fi ƙwaya saurin narkewa a shayi.

Sai dai wannan yawan fuskar ne kuma yake zama masifa. Silikon yana son oksijin. Da ya daɗe a cikin ruwa sai fatarsa ta kama irin nata tsatsar, ya fara komawa yashin da aka ciro shi daga ciki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Buffalo ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin silikon masu girman nanomita 10 suna fitar da haidurojin daga ruwa da saurin da ya ninka na dunƙulen silikon sau kusan dubu, ba ma sai da haske ba. Labarin ya zaga duniya. Amma a wannan gwaji silikon ɗin ne da kansa yake ƙarewa. Wato dillalin ya daina dillanci, ya koma cin jari. Tunda kuwa sai an narka yashi a tanderu mai zafin kusan digiri 2,000 kafin a samu silikon, ƙarfin da aka kashe wajen yin garin ya fi wanda haidurojin ɗin zai mayar. Yana da amfani ga wanda ke jeji yana son ɗan makamashi a aljihu, amma ba hanyar ciyar da gari ba ce.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a kanun labarai ba. A gwaje-gwaje da dama da ake cewa garin silikon ya fitar da haidurojin da hasken rana, ana zuba wani sinadari cikin ruwan, kamar methanol, don ya ɗauke rabin aikin mai wuya, wato fitar da oksijin. Wannan sinadari ƙarewa yake yi, kuma da kuɗi ake sayen sa. Don haka in ka ga labari ya ce an yi nasara, tambaya ta farko ita ce: ruwa zalla aka raba, ko an yi masa gauraye? Ta biyu: awa nawa abin ya yi yana aiki kafin ya mutu?

Inda aka tsaya zuwa yanzu

Ma'aunin da ake amfani da shi mai sauƙi ne: cikin ƙarfin ranar da ya sauka a kan na'ura, kashi nawa ya koma haidurojin? Masana da yawa suna ganin sai an kai wajen kashi 10, kuma abin ya jure shekaru, kafin a yi maganar kasuwa.

A 2011 Daniel Nocera na jami'ar MIT ya fito da abin da ya kira ganyen roba, ɗan farantin silikon da aka shafa wa kobalt a gefe ɗaya da haɗin nikel a ɗayan, a jefa shi cikin ruwa a rana ya riƙa fitar da kumfa. Ya kai kimanin kashi 2.5. An yi ta cewa shi ne zai haskaka gidajen talakawan Afirka da Indiya. Kamfanin da ya kafa, Sun Catalytix, daga baya ya karkata ga yin batir, a 2014 kuma Lockheed Martin ya saye shi.

A 2021 tawagar Kazunari Domen a Japan ta ba da rahoton gwaji mafi girma a fili, faranta masu faɗin murabba'in mita 100, suka yi watanni suna aiki. Ba silikon suka yi amfani da shi ba, wani haɗin titaniyom ne, kuma mafi girman abin da suka samu shi ne kashi 0.76. A 2023 tawagar Zetian Mi a Jami'ar Michigan ta ba da rahoton kashi 9.2, da wasu siraran sanduna na indiyom da galiyom da aka tsirar a kan farantin silikon, aka tattara musu haske. Wani abin sha'awa ga mutanen Sahel a wannan gwaji shi ne zafi taimakon sa ya yi, don a wajen digiri 70 ya fi aiki, alhali farantan sola na yau da kullum raguwa suke yi in sun yi zafi. Amma ɗan ƙaramin abu ne, da aka fitar da shi waje adadin ya sauko zuwa wajen kashi 6, kuma galiyom ba yashi ba ne. Yawancinsa daga China yake fitowa, ita kuma ta sa takunkumi kan fitar da shi a 2023.

A taƙaice, inda aka yi girma ba a samu ƙarfi ba, inda aka samu ƙarfi ba a yi girma ba, kuma a duka biyun ba garin silikon zalla ne ya yi aikin ba.

Lissafin tukunyar gas

Bari mu kawo waɗannan alƙaluma cikin tsakar gida a Zongo. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, wadda ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi, tana ɗauke da ƙarfin kimanin kilowat-awa 76. Mu ɗauka gida yana cinye ta a wata guda. Don a maye gurbinta ana buƙatar haidurojin kilo biyu da 'yan kai. Ranar Wagadugu tana sauke kimanin kilowat-awa biyar da rabi a kan kowane murabba'in mita a yini. Da na'ura irin ta Japan mai kashi 0.76, gidan zai buƙaci faranta masu faɗin murabba'in mita 60. Gidaje nawa ne a awon igiya ke da irin wannan fili a sarari? In an kai kashi 10 ɗin da ake fata, mita biyar ta isa, wannan kam rufin ɗaki ɗaya zai ɗauka.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Farantin solar da ake sayarwa yau a kasuwannin Wagadugu yana mayar da kimanin kashi 20 na hasken rana lantarki. In ka haɗa shi da na'urar raba ruwa da lantarki, wadda ita ma ana sayar da ita, za ka samu haidurojin da ya kai kashi 13 ko 14. Wato tsohuwar hanya ta riga ta wuce inda sabuwar ke mafarkin zuwa. Abin da ya rage wa sabuwar shi ne ta zo da araha ƙwarai, kuma ba ta nuna hakan ba tukuna. In kuwa dafa abinci ko kunna fanka ne buƙatar, ai ba sai an bi ta haidurojin ba. A yi amfani da lantarkin kai tsaye, a ajiye saura a batir, asarar ta fi ƙanƙanta.

Sannan ina za a zuba iskar? Haidurojin ya fi kowace iska rashin nauyi. Kilo biyu da 'yan kai ɗin nan, in ba a matse shi ba, zai cika ɗaki mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku sama. Motocin da ke amfani da shi suna matse shi ne da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 700, a cikin tankuna na musamman. Tukunyar gas ɗin da aka saba ba za ta iya ba. Ga kuma haɗari: in gari ne a cikin ruwa, haidurojin da oksijin tare suke fitowa a gauraye, wannan gaurayen kuwa fashewa yake yi. Masu gwajin Japan sai da suka riƙa tayar da fashewar da gangan don su ga ko bututunsu za su jure, suka kuma sa matata ta musamman ta raba iskar biyu. Haidurojin yana kama wuta in ya kai kashi 4 zuwa 75 na iskar ɗaki, ba shi da wari, harshen wutarsa da rana da ƙyar ake gani. A unguwar da gidaje ke manne da juna kuma motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga lungu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ruwan fa?

Mutane da yawa suna jin an ce za a yi makamashi da ruwa a Sahel sai gabansu ya faɗi. Gaskiyar magana, adadin bai kai yadda ake tsoro ba. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin lita 9 ta ruwa, in an haɗa da tacewa da sanyaya injina ya ninka sau biyu ko uku. Gidan da muka yi lissafinsa jarka ɗaya zuwa uku zai buƙata a wata. Ko a babban mataki, tan rabin miliyan a shekara zai ci ruwan da bai wuce kubik mita miliyan 5 zuwa 15 ba, alhali dam ɗin Ziga da ke kan kogin Nakambé, wanda yake shayar da mafi yawan Wagadugu tun 2004, yana ɗaukar kusan kubik mita miliyan 200.

Matsalar ta rabo ce. A 2016 hukumar ruwa ta ONEA sai da ta koma ba unguwannin Wagadugu ruwa karɓa-karɓa saboda ƙaranci. Unguwanni irin su Zongo ba su cikin taswirar bututu tun asali. Sai a wajen 2009 aka fara wani tsari na miƙa rabon ruwa ga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu a unguwanni biyar, Zongo na cikinsu tare da Bissighin, Bogodogo, Nioko 2 da Toukin. Wanda bututu bai kai gidansa ba, daga masu turin durom yake saye, kuma kowace lita ta fi tsada a wurinsa fiye da mai famfo a gida. Don haka in wani kamfani ya zo yana son ruwa mai tsabta dare da rana, kuma yana iya biya, wa za a fara yanke wa in watan Afrilu ya zo? Amsar wannan tambaya a takardar yarjejeniya take, tun kafin a kafa tubali.

Ƙura ma tana da nata. Hunturu yana lulluɓe faranta, sai an wanke, wankin kuma da ruwa. Na'urar da aka gwada a Japan ko Michigan ba ta taɓa haɗuwa da hazon Janairu ba.

Wa ake yi wa dakon?

Maganar haidurojin ba daga Zongo ta taso ba. Jamus ce, wadda ke neman abin da zai maye mata gas da kwal a masana'antunta, ta ɗauki nauyin wani aikin taswira mai suna H2Atlas-Africa, tare da cibiyar bincike ta Jülich da cibiyar WASCAL, wadda babban wurin bincikenta yake a Wagadugu. A 2021 aka fitar da sakamakon Afirka ta Yamma, yana nuna inda rana da iska da ruwa suka fi dacewa. A watan Yulin 2023 majalisar ministocin ECOWAS ta amince a Bissau da manufar samar da tan rabin miliyan a shekara zuwa 2030, da tan miliyan 10 zuwa 2050. Wata shida bayan haka Burkina Faso, Mali da Nijar suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar kuma ta tabbata a watan Janairun 2025. Ke nan ƙasashen da suka fi kowa rana a yankin sun fita daga inuwar manufar. Gwamnatin Kyaftin Ibrahim Traoré kuma ta nuna inda hankalinta ya karkata tun watan Oktoban 2023, lokacin da ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan batun tashar nukiliya.

Ko da ba a fita ba, cinikin fitarwa zuwa Turai ba na ƙasar da ba ta da teku ba ne. Manyan ayyukan da ake magana a kansu suna Mauritaniya da Namibiya, inda akwai gaɓa, akwai ruwan teku da za a tace, akwai tashar jirgin ruwa. Su ma yawancinsu har yanzu a takarda suke. Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2023 an yi amfani da haidurojin kusan tan miliyan 97, kuma wanda aka samar ta hanya mai tsafta bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Yawancin sauran daga gas da kwal ne. Ƙasar da har yanzu take sayen lantarki daga Kodebuwa da kuma Ghana, ta layin Bolgatanga da aka buɗe a 2018, ba ta da rarar wutar da za ta mayar iska ta aika wa wani.

Hausawan Wagadugu kuma suna da dalilin tambayar wa zai ci ribar babban aiki. Tsohon zangonsu, Zangouettin, wanda sunansa ma daga kalmar zango ya fito, yana tsakiyar birni ne har zuwa 2003, lokacin da aka rushe shi da maƙwabtansa don gina cibiyar kasuwanci ta ZACA. Mutum sama da dubu goma aka tasa, aka ba su filaye a wajen gari, ta ɓangaren Ouaga 2000 da Nioko. Shekaru suka shuɗe wani ɓangare na filin yana zaune ba gini. Makamashin rana fili yake ci, hekta ɗaruruwa, kuma filin da ya fi sauƙin karɓewa shi ne wanda mazaunansa ba su da takarda.

Abin da ya fi kusa da hannu

Wannan duka ba ya nufin a naɗe tabarma. Akwai wurin da haidurojin ke da amfanin da batir ba zai iya ba, shi ne taki. Takin yuriya daga amoniya ake yin sa, amoniya kuma haɗin haidurojin ne da naitirojin ɗin da ke cikin iska. Kamfanin takin Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 daga gas yake ciro nasa haidurojin. Burkina da Nijar ba su da irin wannan masana'anta, daga tashoshin Lome, Tema da Abidjan ake ɗauko musu takin a mota, kuma manoma sun ji a jikinsu a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashi. In akwai haidurojin da ya cancanci ruwan Sahel, to wanda zai koma buhun taki a gonar Sahel ne. Wannan aikin masana'anta ne a wuri guda mai tsaro, kusa da ruwa, kuma da fasahar da ake da ita yau za a fara shi.

Akwai ma haidurojin da ba a buƙatar raba ruwa kafin a same shi. A ƙauyen Bourakébougou na Mali, a 1987, masu haƙa rijiya suka ci karo da iskar da ta kama wuta, aka toshe ramin. Bayan fiye da shekara 20 kamfanin attajiri Aliou Diallo ya sake buɗe shi, aka tarar kusan kashi 98 na iskar haidurojin ne, daga 2012 kuma aka riƙa kunna wa ƙauyen wuta da shi. Yanzu kamfanoni a Amurka da Ostareliya da Faransa suna neman irinsa a ƙasashensu. Ƙasashen ƙawancen Sahel da ke maganar dogaro da kai, nan ma akwai abin da masanan ƙasarsu za su bincika.

Game da garin silikon kuwa, rabon Sahel a yanzu a ɗakin bincike yake, kuma ba ƙaramin rabo ba ne. Tokar ƙaiƙayin shinkafa yawancinta sinadarin yashi ce, kuma tun asali a ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi take. Masana sun nuna ana iya mayar da ita silikon mai huda-huda ta hanyar gasa ta da magneziyom a zafin kimanin digiri 650, ƙasa sosai da na tanderun yashi. Ƙaiƙayin nan tuli yake a Bagré da kwarin Sourou, haka a Kura da Haɗeja, ana ƙona shi ko a bar shi ya ruɓe. Wagadugu tana da Jami'ar Joseph Ki-Zerbo da cibiyar 2iE mai koyar da injiniyancin ruwa da makamashi. WASCAL tana da digiri na biyu kan haidurojin a jami'o'in Yamai, Abidjan, Dakar da Lome. Tambayoyin da masanan Turai da Japan ba za su amsa mana ba, nan ne za a amsa su: yaya waɗannan sinadarai suke yi a zafin digiri 43, cikin ƙura, da ruwan rijiyar burtsatse? Wanda ya riƙe wannan amsa shi zai zauna a teburin ciniki da bakin magana ranar da fasahar ta nuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ba baƙon aiki ba ne a yankin. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, tun ƙarshen shekarun 1960, suna ƙera tukunyar dumama ruwa da murhun rana a gida. Aikin ya ja baya ne saboda rashin kuɗi da rashin kulawa, rana kuwa tana nan yadda ya bar ta.

Don haka in wani ya zo da takarda yana cewa yashi da rana za su raba Zongo da gawayi nan da shekara biyu, a tambaye shi kashi nawa na'urarsa ke bayarwa, wata nawa ta yi a fili, a ina zai ɗebi ruwa, filin wa zai ɗauka, kuma iskar in ta fito wa zai saya. Abin da mazauna unguwar ke buƙata a wannan bazarar, wato bututun da ke kawo ruwa, wutar da ba ta ɗaukewa da tsakar rana da gas ɗin da ake samu a kan farashinsa, duk da kayan da ake da su a kasuwa za a iya yin sa. Kuɗin binciken haidurojin kuma a nemo shi, a ba 'ya'yan ƙasa, amma kada a ciro shi daga kasafin famfo.